Tururuwar da Na Kawo wa Yaya Kulu

Shekara biyar ke nan, a wannan wata da gero ke nuna, da aka rufe Yaya Kulu a bayan garin Lolo. Ƙasar nan ma shekararta biyar da samun 'yancin kai, don haka duk shekara idan aka fara buga ganga ana murna, mu a gidanmu sai kowa ya nemi ɗaki ya shige. Ta rasu kwana goma sha tara bayan ta haifi ɗanta na fari. Ni ce ƙanwarta Ladi, autar gida, wadda Baba ke cewa da da baki ake noma, da ni kaɗai na ciyar da Lardin Sakkwato har a sami na zakka.

Malam Edita, kafin in ci gaba, ina roƙonka don girman Allah kada ka sa takardar nan a ƙarƙashin wasu. Na san ta 'yar makaranta ce, na san kuma kana da na manya. Amma jaridarka kafin ta iso Lolo sai ta hau lori, ta hau kwalekwale, ta hau jaki, ta iso da furfura. Ita kuwa ɗaya yayar tawa, Ige, cikinta ya shiga watan haihuwa. Idan ka jinkirta, abin da ya sa na rubuta ya wuce.

Wanda bai san Yaya Kulu ba, bai san dariya ba. Idan tana daka, mutanen tsallaken iyaka a Dahome da taɓaryarta suke sanin hantsi ya yi. Idan ta yi wa mace kitso, sai mace ta yi wata guda tana barci a zaune don kada ya lalace. Ita kaɗai ce a gidanmu ba ta dukana a kan ƙarya. Sauraro take yi har in gama, ta ɗanɗana kamar miya, sannan ta ce, "Wannan ba ta nuna ba, Ladi, mayar da ita tukunya." Ranar da na ce na ga kifi a kasuwar Lolo da ya haɗiye masunci har da hularsa, cewa ta yi hular ce ta ɓata labarin. Da aka kai ta gidan miji a Matsinkai na yi kuka har kwaɗin fadama suka yi shiru suna saurare. Da cikinta ya tsufa aka maido ta gida haihuwar fari, kamar yadda aka saba, na yi ta tsalle kamar ni aka ba sarauta.

Ungozomar unguwarmu ita ce Kaka Tumba, mahaifiyar Baba. Rabin mutanen Lolo ita ta yanke musu cibi, ɗaya rabin kuma tsoronta kawai suke ji. Ba muguwa ba ce, ina so a riƙe wannan. Ta ceci matan da ba zan iya ƙirgawa ba, ba ta taɓa cewa ruwa ake yi ko rana ta yi zafi ba. Abin da ta gada ta riƙe. A wurinmu jariri ba ya kama nonon uwarsa kwana ukun farko. Wannan ruwa mai kauri mai kalar ƙwanduwa da ke fara zuwa, dakashi, tatsewa ake yi a zubar, wai ƙazanta ne. Ran na uku, musamman ga mai haihuwar fari, sai a tatsi nono a ƙoƙo a jefa tururuwa a ciki. In sun yi iyo sun fita, nono mai kyau ne. In sun mutu, nono yana da dafi, sai a raba yaro da shi a yi ta wanke shi da saiwoyi har kwana bakwai, a sake gwadawa.

Ran na ukun Yaya Kulu, ni aka aika neman tururuwa. Shekarata goma sha biyu.

Na same su a gindin rumbu, baƙaƙe, lafiyayyu, suna jan hatsin da ya fi su girma. Ba ni da abin zubawa. Sai na hango battar tabar Baba a kan buzunsa, ya tafi gona ya manta da ita. Na kakkaɓe garin da ya rage, na zuba guda bakwai, na rufe. Ina juyowa na ji usur daga makarantarmu. Ana koyon macin ranar 'yanci, kuma ranar ce aka ce za a raba ƙananan tutoci masu kore da fari. Na ce bari in leƙa kawai. Na ɗaure battar a bakin zane. Leƙen nan bai ƙare ba sai da aka kira azahar. Hagu, dama, hagu, dama, rana tana dukan kai, tururuwa suna cikin ƙarfe mai zafi suna shaƙar taba.

Na shigo gida da tutata a hannu, na tarar da tsofaffi sun cika ɗakin jego.

"Ke Ladi, Makka kinka tafi biɗar tururuwa?" in ji Kaka.

Na ce, "Kaka, gudu suka yi. Har Dahome na bi su, sai da na yi musu Faransanci suka tsaya."

Aka yi dariya, har da Yaya Kulu da ke kwance ta ba mu baya. Na laɓe bayan ƙyaure na juye su a tafin hannu don kada a ga battar. A nan na gani. Ba sa gudu. Biyu ma ba sa motsi, sauran suna tangaɗi kamar masu dawowa daga gidan burkutu. Zuciyata ta ce koma ki ɗebo wasu. Tsorona ya ce in kin koma za a tambaye ki dalili, a gano maci, a gano batta, bayanki ya yi rudu-rudu. Na bi tsoro. Na zuba su a ƙoƙo.

Idon Kaka tun a lokacin ya fara hazo. Ta kai ƙoƙon bakin ƙofa, ta jira. Guda ɗaya ta ɗaga ƙafa, ta mayar. Shi ke nan.

"Wanga nono ba shi shayuwa," in ji Kaka. "A ɗauke yaro."

Innarmu ba za ta iya musawa ba, don Kulu 'yar farinta ce, ko sunanta ba ta faɗi, balle ta yi gardama da uwar miji a kanta. Ita ma Yaya Kulu kunyar ɗan fari ta ɗaure ta. Mace ta gari ba ta kallon ɗanta na fari a gaban manya, balle ta ce a ba ta shi. Haka kunya ta yi layi a ɗakin nan, daga uwa zuwa ɗiya, ni kuma mai bakin da ba ya rufuwa na tsaya da tuta a hannu kamar an ɗinke ni.

Bayan kwana biyu, da hantsi, Kaka ta fita duba ruwan wankan jego a kan wuta, aka bar ni da mai jego. Ƙirjinta ya riga ya cika, zanen ya jiƙe. Ta yafito ni.

"Ladi, tun yaushe tururuwa suka fara shan taba?"

Ashe ta ji warin a hannuna tun ranar. Na fashe da kuka, na ce yanzu zan je in faɗa.

"Kul. Kaka karya ki za ta yi, Baba kuma dama dalili yake nema ya cire ki daga makaranta. Kwana bakwai ne aka ce. Zan jure." Sannan ta ce, "Miƙo mini shi in gani."

Na ɗauko shi daga tabarma. Yana jin ƙamshinta ya fara juya kai yana buɗe baki kamar ɗan tsuntsu. Na ce ta ba shi mana, ba mai gani. Hannunta ya kai bakin zane, ya tsaya. Ta ce, "In kuma da lafiyarsu ma mutuwa za su yi fa? In na kashe shi fa?" Sai muka ji takun Kaka. Ta turo mini shi da sauri, ta ɗaure fuska, ta ce da ƙarfi, "Ɗauke abin nan, ya dame ni." Iyakar riƙon da ta yi wa ɗanta ke nan a duniya.

Ba a kai ga gwaji na biyu ba. Ran suna ana rabon goro a zaure, ita tana ciki tana karkarwa. Nono ɗaya ya kumbura ya yi ja ya yi tauri, ko iska ta taɓa shi sai ta cije leɓe. Tsofaffi suka ce kun gani, dafin ne ke fitowa. Aka ƙara saiwa, aka ƙara kunun kanwa, ba a fasa wankan tafasasshen ruwa safe da yamma ba, ga zazzaɓi a jikinta kamar murhu. Aka kira wanzami ya yi sakiya. Ni na riƙe mata ƙafa. Ban taɓa ƙara gishiri a labarin wannan rana ba, ba ya bukata. Da abin ya fi ƙarfin gida, Baba ya ce a nufi Bagudo ko a dace da mai magani. Ƙarshen damina ne, ruwa ya cika fadama, ga kogin Kwara a gaba sai an haye. Suka ɗauke ta a kan gadon kara da safe. Kafin la'asar suka dawo da ita a rufe.

Saura yaro. Tun ranar gwaji nonon akuya ake ɗura masa da ruwa, cikinsa bai karɓa ba. Gudawa ta tsotse shi, maɗigarsa ta faɗa, kukansa ya koma kamar na ɗan kyanwa. Har an fara cewa zai bi uwarsa. Ranar kasuwar Lolo, wata Badandiya, 'yar ƙabilar bakin kogi, mai sayar da busasshen kifi, Mariyama, daga wani ƙauye a tsallaken iyaka, ta shigo gidanmu neman ruwan sha da goyonta a baya. Ta ji kukan. Ta ajiye kwandonta, ba ta nemi izinin kowa ba, ta zauna ta miƙa hannu. Kaka ta ce a kawo ƙoƙo tukuna. Mariyama ta kwanto ɗanta, wani ƙato mai kumatu kamar an hura, ta dire shi a gaban Kaka, ta ce da Hausarta mai karkacewa, "Ga tururuwata nan, tsohuwa. Duba ko ta mutu."

Yaro ya kama. Da yardar mahaifinsa ta tafi da shi, ta shayar da su biyu har yaye, tana kawo shi duk ranar kasuwa a gan shi. Sunansa Muhammadu, amma duk Lolo Ɗandahome ake ce masa. Yanzu yana hannun Innarmu, ya iya zagi da harshe biyu, kuma idan ya yi dariya sai Inna ta tashi ta bar wurin, don dariyar uwarsa ce sak.

Nakan tambayi kaina, da Yaya Kulu za ta leƙo yau, me za ta ce? Za ta ga tuta a wannan gefen iyaka da wata a wancan, da ma'aikata masu kaki suna laluben kwandon Mariyama kamar a cikin kifi ake ɓoye ƙasa. Za ta ga rediyo a rumfar mai shayi, da motocin 'yan siyasa masu lasifika da ke zuwa da rani su yi alkawarin hanya da asibiti, su gudu kafin ruwan farko don su ma sun san hanyar. Za ta saurare su har su gama, ta ce wannan ba ta nuna ba. Sannan ta shiga ɗakin jego ta tarar komai yana nan yadda ta bar shi: tukunyar ruwan zafi, kunun kanwa, da ƙoƙo a rataye yana jira. Na ji an ce mun karɓi mulkin kanmu. Mai jego a garinmu har yau ba ta karɓi mulkin ƙirjinta ba.

Za ta kuma ga cewa shirun da ta saya mini ya yi aiki. Ba a cire ni ba, ina makarantar 'yan mata a birni, tafiyar kwana biyu daga gida. A nan ne bana malamar kiwon lafiya ta tsaya a gaban allo ta ce dakashin nan da muke zubarwa shi ne abinci na farko da Allah ya shirya wa jariri, yana kare shi daga cuta, kuma nonon da aka hana a sha yakan taru ya toshe ya zama ƙurji, ya kawo zazzaɓi. 'Yan aji suna rubutawa. Ni alƙalami ya ƙi tafiya. Bayan an tashi na bi ta, na ba ta labarin, na ce wata ce a garinmu. Na tambaye ta ko abin da ya kashe matar ke nan. Ta ce yana iya zama shi, yana iya haɗuwa da wani ciwon na bayan haihuwa, ba ta gan ta ba, ba za ta yanke ba. Na so ta ce shi ne, ko ta ce ba shi ba ne. Ta bar ni a tsakiya, a nan nake har yau. Ajali na Allah ne, na sani. Amma hannun da ya zuba tururuwar nawa ne.

Da na je hutun da ya wuce na tarar an maido Yaya Ige gida, ita ma cikin fari. Na ji Kaka da kunnena tana ce wa Inna, "Jininsu guda, nononsu guda. Wagga sai an gwada da kyau, in ma ba a hana gaba ɗai ba." Ige tana gefe tana tsince shinkafa, ba ta ɗago kai ba, amma na ga hannunta yana ɗebo tsakuwa yana mayarwa cikin tsintacciya.

Sai na yi irin tawa dabarar. Na ɗebo tururuwa masu rai da lafiya, na jira Kaka ta dama furarta da nonon Fulani mai kauri, na zuba mata su a gaban idonta. Uku suka fita, huɗu suka nutse.

Na ce, "Innalillahi! Kaka, furarki dafi gare ta. Kawo in shanye in cece ki."

Ta bi ni da sanda har bakin rijiya, gida ya kaure da dariya. Da ta gaji ta zauna tana haki ta ce, "Ja'ira, fura daban, nonon mutum daban. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi. Bakwai na sa wa Kulu, bakwai sunka mutu. Tururuwa ba ta ƙarya."

A nan ya kamata in ce, Kaka, tururuwa ba ta ƙarya, amma wadda ta kawo ta tana yi. Bakina ya buɗe. Na dubi tsohuwar nan da ta yi shekara biyar tana cewa da ba ta gwada ba da yaron ma ya tafi, wannan ne abin da take jingina da shi ta yi barci. Na dubi Baba yana shigowa. Na rufe bakina, na mayar da abin wasa. Hutu ya ƙare, na hau lori.

Na nemi izinin komawa gida, an hana, ga jarrabawa. Na yi tunanin wasiƙa, amma wasiƙa hannun Baba za ta faɗa, ya ce zancen mata ne, ya soke ta a jinka. Jarida kuwa malamin makarantarmu na dā yana karanta ta da ƙarfi a rumfarsa duk ranar kasuwa, maza suna zaune, mata masu talla suna tsaye kamar ba saurare suke ba, kafin magariba kowace tukunya a Lolo ta ji. Na san abin da zai biyo baya. Za a nuna ni da baki har in tsufa. Wataƙila wannan ne zangona na ƙarshe a makaranta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Malam mai karatu a rumfa, idan ka iso nan, ka ɗaga murya.

Me ya rage na Yaya Kulu? Taɓaryarta tana nan, ta yi wa kowa nauyi. Ɗanta yana nan, da 'yan'uwansa na nono a wata ƙasa. Dariyarta tana bakinsa. Sai kuma haƙurin nan nata, wanda kowa ke yabo a ranar sadaka, a ce Kulu ba ta taɓa ɗaga murya ba, Kulu ko "wayyo" ba ta ce ba. Ni na san tsadar wannan haƙuri, don ni aka saya wa karatu da shi. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Amma ba na so Ige ta gaje shi. Gara a ce ba ta da kunya, tana raye.

Kaka, na san abin da za ki ce: Ladi ce, wadda ta ga kifi ya haɗiye masunci. Kin yi gaskiya, na ɓata bakina da kaina. Don haka kada ki yarda da ni, gani ya kori ji. Baba, battar da ka yi mako guda kana nema, har ka ce ɓarayin kasuwa ne, tana nan cikin gidanka. Ku je rumbun gero na gabas, dutsen da ya tallafe shi ta wajen katanga, a ƙarƙashinsa akwai rami. Na naɗe ta a cikin tutar nan mai kore da fari. A hutun nan na duba, ta yi tsatsa, amma in an buɗe har yanzu tana wari.

A kai wa Kaka ta shinshina. In ta ga dama ta ajiye mini sandarta, ina zuwa, ba zan gudu ba. Amma ranar da Ige ta sauka, ko kafin a share ɗaki, a ɗora mata ɗanta a ƙirji.